Yadi 40 kyauta: hukunci ne ko fashi?

Masoyin Panthers: Jama'a, har gobe abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Super Bowl (wasan ƙarshe na NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka) na 2004 a Houston, mu da Patriots, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, mun farke 29 da 29. Ɗan wasanmu John Kasay ya yi bugun farawa, ƙwallo ta fice ta gefen fili ba wanda ya taɓa ta, sai aka ajiye wa Patriots ita a layinsu na yadi 40 a matsayin hukunci. Mai jefa musu ƙwallo Brady ya ɗan matsa da su gaba, mai bugunsu Vinatieri ya buga ta maki uku, an tashi 32 da 29. Wannan doka fashi ce da rana tsaka.

Ɗan Boston: Fashi? Malam, iya bakinka. Ƙafar ɗan wasanku ce ta karkace, wa ya yi muku fashi?

Masoyin Panthers: Dokar na ce, ban ce ku ba.

Ɗan Boston: In akwai fashi ai akwai ɗan fashi. Faɗi sunansa mu ji.

Baba Alƙali: Yara, ku saurara. Da babu hukunci mai zafi, kowane mai bugu zai riƙa jefar da ita waje da gangan don kada mai gudu ya dawo da ita. A wasan jami'o'i ma akwai hukuncin, sai dai can ana da zaɓi: a karɓa a yadi 35, ko a sa mai bugu ya ja baya yadi biyar ya sake.

Hajiyar Packers: Baba, a bar musu kalmarsu, fashi sai da makami. Wannan sakaci ne.

Masoyin Panthers: Hajiya, ku ne za ku yi magana? A 2016, a wani bugun farawa, Ty Montgomery naku ya kwanta, ƙafafu a waje, ya miƙa hannu ya taɓa ƙwallon da ke cikin fili, aka ce ta fita, aka ba ku 40. Wannan mene ne sunansa?

Hajiyar Packers: Sanin doka. Wanda bai karanta ba ya kuka da kansa.

Ɗan Boston: Wallahi Hajiya kin gama magana.

Masoyin Panthers: Kai da aka dakatar da Brady wasa huɗu kan sace iskar ƙwallo, kai ne mai ba da shaida?

Ɗan Boston: Kofi shida. Naku nawa?

Baba Alƙali: Ba wanda ya tanka mini. Tun 2024 a NFL ko ƙwallon bugun farawa da ta faɗi kafin ta kai layin yadi 20 ma a 40 ake ajiye ta.

Hajiyar Packers: Shi dai ya janye "fashi" tukuna, Baba.

Ɗan Boston: Bari in taƙaita wa waɗanda suka zo a makare. An tabbatar babu fashi, Kasay ne ya zubar da wasan, Hajiya da Baba duk sun goyi bayana, mai ƙorafi kuma ya rasa hujja ya koma zagin Brady.

Masoyin Panthers: Baba bai goyi bayan kowa ba, kuma ban janye ba.