Labarina ya koma wa'azi, ya zan gyara shi?

Ɗiyar Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, don Allah shawara nike nema. Wata biyu ke nan ina hwama da wani gajeren labari da nike son turawa gasar Hikayata ta BBC, kun san ƙa'idarsu kalma 1000 zuwa 1500 ce, nawa ya kai 1400 amma ni kaina in na karanta ba ya yi min daɗi. Labarin wata yarinya ne da tat tahi gida wankan haihuwar fari, kakarta ta hana a ba jinjiri nonon farko wai dakashi ƙazanta ne sai an tatse an zubar, kwana ukku ana ɗura mai ruwa da madarar akuya, bayan nan anka kira wanzami yac cire mai beli, jini ya ƙi tsayawa, kahin a kai asibiti rai ya yi halinsa, sai likita yaz zo yana yi musu faɗa. Na ba ƙawata ta karanta, tac ce wanga ai tallar rigakafi ce irin ta rediyo. Na karanta ma Inna kuma tay yi shiru, can tac ce "to mu da anka yi muna haka mun mutu?" Tun ranar ban sake buɗe shi ba. Ya ake rubutu kan masu bin al'ada ido rufe ba tare da ya zama wa'azi ko zagin tsofaffi ba?

Na Rijiyar Ɗorowa:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ban ga labarin ba amma ina iya rantsuwa kakar nan kin yi ta mai ɗaure fuska, mai tsawa, wadda kowa ke tsoro a gidan. Nan kinka ɓata shi. Mai karatu na ganin muguwa sai hankalinsa ya kwanta, ya ce ai mu gidanmu babu irin wagga tsohuwa, shi ke nan labari bai taɓa shi ba.

Ni na ga wankan jego da idona sadda yayata ta haihu ina ɗan firamare. Kakarmu ce ke tashi tun kahin kiran assalatu ta hura wuta ƙarƙashin rabin duro, itacen ma akuyarta tas sayar tas saye shi, hayaƙi na sa ta tari tana goge ido da bakin zane, ta ɗauko ganyen darbejiya ta tsoma, kwana arba'in safe da marece ba ta taɓa fashi ba. Kuma ita ɗin dai ce tas sa anka zubar da dakashin. Duk gidan babu mai son jinjirin nan kamarta. To wagga kakar za ki rubuta, wadda in yaron ya mutu ta hi kowa kuka kuma har ta koma ga Allah ba za ta taɓa kawowa a ranta da hannunta ciki ba.

Sannan ga wani abu a hannunki da ba ki yi amfani da shi ba, kin ce haihuwar fari ce. Yarinyar ta tahi awo, ta ji abin da malaman asibiti sunka ce, ta sani sarai. Mi zai hana ta magana? Kunyar ɗan fari. Wadda ko sunansa ba ta faɗi, ko kallonsa ba ta yi gaban manya, ita ce za ta buɗe baki ta ce a miƙo min ɗana in ba shi nono? Sai a ce ba ta da ta ido. Kin ga al'ada ɗaya ta ɗaure ma wata gindi. Ki zauna kan wannan shirun nata, tana kwance ta juya ma ɗaki baya, nono ya cika yana zuba yana jiƙa mata riga, tana jin kukansa a ɗakin kaka. Likitan nan kuma ki kore shi gaba ɗaya, shi ne mai wa'azin.

Almajirin Kanwuri:
Malama Allah shi ƙara basira. Ki kiyaye abu guda, kar ki cakuɗa al'ada da addini a bakinki na marubuciya, amma ki bar mutanen cikin labarin su cakuɗa don haka suke yi a zahiri. Malaman fiƙihu na cewa al'adatu muhakkama, wato al'ada abar aiki da ita ce matuƙar ba ta saɓa ma shari'a ba, don haka ba kowace ce abar yaƙa ba. Wadda Alƙur'ani ya zarga ita ce ta masu cewa abin da munka iske ubanninmu a kai shi za mu bi, ki duba Baƙara aya ta 170. Kuma mu a garin ga na Sakkwato bai kamata maganar ta zama baƙuwa ba, Mujaddadi Shehu Usmanu a Nurul Albab ya lissafa miyagun al'adun ƙasar Hausa, har da barin mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, jajoji, wato malamai mata, ta riƙa turawa ƙauyuka da waƙoƙi suna koya ma mata ɗalibai da ake kira 'Yan Taru, kuma jajojin nan dattawan mata ne. Tsofaffin ta ja a jiki ta yi gyaran da su.

Bagobirin Arkilla:
Ni fa ku yi haƙuri na gaji da irin labaran ga, kullum tsohuwar ƙauye ce jahila, ɗan boko ne mai ceto. Mu da ke cikin gari ba mu bin al'ada ido rufe? Abokina bashi ya ci ya haɗa lefe akwati goma sha biyu, ga kamu ga dina ga ankon da ba a sake sawa, yau shekara biyu yana biya, ka tambaye shi dalili ya ce haka ake yi. Mi ar raba shi da kakar? Kuma wankan gida ba sharri ne zalla ba, a ina kuma mace za ta samu kwana arba'in tana hutawa, ba daka ba wanki, ana gasa mata nama? Sannan dole sai an kashe jinjiri kahin labari ya yi daɗi? Ku marubuta kun cika kisa wallahi.

Anti Nas:
Ƙanwata ni ɗakin haihuwa nike aiki. Dakashin nan shi ne rigakafin farko na yaro, shi ya sa muke cewa a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kuma nono zalla har wata shida ko ruwa ba a ba shi. Kunun kanwa da ruwan zafi kuwa tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu suna danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Amma Bagobiri ya yi gaskiya kan kisan, yawanci ba a ranar yaro ke mutuwa ba. Bayan beli maƙogwaro na ciwo ya kasa kama nono, ya fara ramewa, ga zawo, sai a ce nonon uwar ne ba kyau, a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, in ba ta fito ba an tabbatar, a shiga ba uwar jiƙe-jiƙe. Laifin ya koma kan yarinyar, wanzami kuwa an ba shi kuɗinsa da goronsa har da godiya.

Ɗiyar Mabera:
Kai jama'a na gode, Allah shi bar zumunci. Yaya na Rijiyar Ɗorowa ka kama ni, har sanda na ba kakar tana dogarawa tana zagin mutane. Na cire likita, kalma 300 sun tahi da shi. Jiya da dare na koma wurin Inna na tambaye ta ni ya anka yi da nawa dakashin, tac ce Gwaggo ta tatse shi a ludayi ta zuba gindin magaryar bayan ɗaki, ita kuma tana kallo ta kasa cewa komi. Ban san ni ce jinjirin ba sai jiya. Anti, tururuwar nan baƙa ake sawa ko ja? Da ita nike son in buɗe labarin.