Don Allah a ba ni shawara, odar mutane ta maƙale

Salam 'yan uwa mazauna Jidda. Wata biyar kenan ina saida jakunkunan mata ta intanet, ba na ajiye kaya, in an yi oda sai in tura wa wani ɗan Chana shi ke aika wa mai saye kai tsaye. To yanzu oda 14 sun maƙale, sati uku lambar bibiyar kayan ko motsi ba ta yi ba, shi kuma kullum gobe gobe. Wata Hajiya a Makka ta biya riyal 180, bikin 'yarta Juma'ar nan ne, yau tun bayan asuba take kirana wallahi har kunyar ɗagawa nake. Kuɗin kuwa na riga na tura masa. In mayar musu daga aljihuna ne ko in ƙara jira? Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya kuka karɓo kuɗinku?