Wace kalmar Hausa za mu ba abin da likitoci ke kira fasikuleshan?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. Ina cikin fassara wata takardar wayar da kai game da cututtukan jijiyoyi sai na ci karo da kalmar fasikuleshan, kuma yau kwana uku ke nan ina juya ta ban sami wadda ta zauna mini daram ba, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Abin da ake nufi shi ne ɗan motsin nan da mutum kan gani ko ya ji a ƙarƙashin fatarsa, galibi a sharaɓa ko damtse ko gindin babban yatsa, ba tare da gaɓar ta ɗaga ba, kuma babu zafi. Tushen kalmar daga Latin yake, inda take nufin ƙaramin dami, domin kowace jijiya da ta fito daga laka tana riƙe da nata damin zaruruwan tsoka, idan kuwa ta harba don kanta ba da umarnin ƙwaƙwalwa ba, wannan ɗan damin kaɗai ne zai motsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci da sassafe ya ga cinyar da aka feɗe yanzu tana ɗan motsi nan da can a kan tebur, to ya ga kamannin abin.

Na fara da karkarwa da makyarkyata, sai na ga ba su dace ba, domin su hannu ko jiki gaba ɗaya suke kaɗawa a jere, kamar mai masassara ko mai cutar Parkinson, wadda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817. Zabura kuma ita ce wadda kan sami mutum sa'ad da barci ya fara ɗaukarsa. Jijjiga da taune-taune na ajiye su gefe tun farko, tunda uwar da ta karanta su farfaɗiya za ta faɗo mata a rai. Rawar jiki an riga mu, ta zama ta mai zumuɗi.

Wani malami ya ba ni shawarar a ce harbawar jijiya, Allah ya ƙara masa sani, kuma ta fi kowace kusa da yadda abin yake faruwa, sai dai matsalarmu da jijiya tsohuwa ce: da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran agara, da ita kuma muke kiran mai kai saƙon ƙwaƙwalwa. Mai karatu zai ɗauka bugun jini ake nufi, ya tafi awon hawan jini. Fizgar tsoka kuwa ta yi ƙarfi da yawa, ai abin da aka fizga yakan bar wurinsa.

Wata Hajiya, ma'aikaciyar jinya da ta ce mini marasa lafiya kan ce mata "namana yana rawa", ita ce ta buɗe mini ido. Ashe muna da abin a bakinmu tun tuni, tunda kowa yana cewa idonsa yana rawa, har tsofaffi su ce zai ga wanda ya daɗe bai gani ba. Likitoci sun ba na fatar ido suna na daban, amma 'yan gida ɗaya ne. Saboda haka na karkata ga rawar tsoka, na fifita tsoka a kan nama don kada hankalin mai karatu ya koma kasuwa.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan wannan zaɓi shi ne, ana bukatar sunan da ba zai firgita mutum ba, ba kuma zai sa ya yi sakaci ba. Mafi yawan lokaci abin ba cuta ba ne: gajiya, ƙarancin barci, damuwa, motsa jiki mai tsanani, da sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da kofi duk suna jawo shi, haka ma ƙarancin magnesiyam ko kalsiyam a jini, da yawan aikin ƙululun wuya da ake kira tayroid, da maganin asma irin salbutamol. Ni kaina sharaɓata ta yi mako biyu tana rawa lokacin da nake raba dare ina aiki da goro a baki, da na rage goron na sami barci sai ta daina. Wannan za mu iya ce masa rawar tsoka marar lahani.

Amma idan ta zo tare da raunin hannu har maɓallin riga ya gagari mutum, ko tsokar ta fara ramewa, ko harshe ya shiga rawa magana ta soma sarƙewa, haɗiya ta yi wuya, wajibi ne a ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda zai iya yin awon lantarkin tsoka da siririyar allura. Daga cikin abin da yake nema akwai cutar ALS mai lalata jijiyoyin da ke motsa tsoka, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana a 1869, ita ce kuma masanin kimiyyar nan na Birtaniya Stephen Hawking ya rayu da ita har rasuwarsa a 2018, kodayake ba kasafai ake samunta ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne manomin da ya yi feshin maganin ƙwari, ko yaron da ya sha fiya-fiya, sai tsoka ta kama rawa tare da dalalar miyau da gumi da ƙanƙancewar ƙwayar ido. Wannan guba ce, asibiti ake nufa nan take.

A takardar dai na rubuta rawar tsoka, na bar karkarwa da zabura kowace a mazauninta, ɗaurewar tsoka kuma ga mai zafin nan da ke tashin mutum cikin dare. Ina jiran 'yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da Sakkwato su gaya mana abin da ake cewa a wajensu kafin in miƙa aikin ranar Alhamis.