Tsinken gwajin ɓurɓushi: sunan da nake so mu tsaya a kai

Ƴan uwa malaman gona da masu shirin manoma a rediyoyin Tawa, ga abin da nake nema wa suna. Faransanci na cewa test rapide à anticorps, wato gwajin gaggawa wanda ke gano résidus, abin da ke rage na maganin ƙwari a cikin wake, tumatir ko albasarmu ta Galmi. Ana niƙa ɗan samfuri, a jiƙa, a tsoma ƴar takarda, cikin mintoci layi ya fito.

Tsinke ba ya buƙatar gardama. Mata sun daɗe suna cewa tsinken gwajin ciki, kuma siffar ɗaya ce.

A tattaunawarmu kan sunan, wani malami ya kawo "awo" a madadin gwaji. Malam, a gafarce ni, ban bi ba. Awo adadi yake bayarwa, shi kuwa wannan i ko a'a kawai yake faɗa: maganin ya haura wata iyaka ko bai haura ba. Mai son adadi sai ya kai samfurinsa babban ɗakin bincike. Gwaji ya fi gaskiya.

Inda muka fi daɗewa shi ne résidus. An ce saura, an ce ragowa. Ragowa ta fi kama da abincin da aka ci aka bari. Ɓurɓushi ne ke nuna abu kaɗan da ya maƙale, ido ba ya ganinsa. Kuma kaɗan ɗin nan ba wasa ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda dichlorvos, wanda a kasuwanninmu ake kira piya-piya. Wata Hajiya mai sayar da wake ta roƙi kada a ce guba, masu saye za su gudu. Hajiya, na ji, mu bar shi a maganin ƙwari, amma duk mai bayani a rediyo ya faɗa ƙarara cewa yana cutar da mutum.

Anticorps kuwa, kada mu ce sojojin jini, an riga an ba fararen ƙwayoyin jini wannan suna. Ina ba da shawarar "maƙallin garkuwa", don aikinsa ke nan: ya gane abu guda ya maƙale masa. Shi ya sa tsinken da aka yi don maganin ƙwari mai suna chlorpyrifos ba zai tona wani magani na dabam ba, sai dai danginsa na kusa.

Abin da ya fi damuna karatun layin ne. A gwajin masassara, layi biyu na nufin akwai cuta. A yawancin tsinkayen maganin ƙwari akasin haka ne: layi biyu, kaya sun tsira, layi ɗaya, akwai ɓurɓushi. Duk wanda zai koya wa manoma sunan, ya haɗa musu da wannan gargaɗin.

Cikakken suna: tsinken gwajin ɓurɓushin maganin ƙwari. A bakin kasuwa, tsinken ɓurɓushi. Mutanen Konni da Madawa, ku gwada shi a kan dillalanku ku gaya mana ko ya zauna a baki.