Dashen kan mutum a jikin wani: me ya hana har yau?

Sadauki:
Assalamu alaikum. Tun 2013 likitan nan na Italiya, Sergio Canavero, yake cewa za a iya cire kan mutum a ɗora shi a gangar jikin wani. A 2017 shi da wani likitan ƙasar Sin, Ren Xiaoping, suka sanar cewa sun gwada a kan gawa biyu a Harbin ta ƙasar Sin, aikin awa 18. Daga nan shiru. Ina son masana su fayyace min: wane sashe ne na aikin ake iya yi a yau, wane ne ba a iya ba? In an ce ya yiwu, ya dace a yi?

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Malam Sadauki. Ka fara gyara sunan: dashen jiki ne. Mutumin yana cikin kai, gangar jiki ce ake ba shi aro.

Abubuwan da ke wuya kusan duk ana ɗinke su kullum a ɗakin tiyata. Akwai manyan jijiyoyin jini huɗu da ke kai jini ƙwaƙwalwa, biyu ta gaban wuya, biyu suna bi ta ramukan ƙasusuwan wuya, sai manya biyu masu dawo da jini. Ga maƙogwaro, ga hanyar abinci, ga tsoka da fata. Ƙashi kuma a ɗaure shi da faranti da kusoshi, tsakanin ƙashin wuya na 5 da na 6 inda aka tsara yankan.

Matsalar farko lokaci ne. Ƙwaƙwalwa na shan jini kusan mililita 750 a minti ɗaya. In ya yanke, cikin daƙiƙa 10 mutum ya suma, bayan minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Dabarar ita ce sanyi: a tiyatar babbar jijiyar zuciya ana sauke zafin jiki zuwa digiri 18 ko 20 a tsayar da jini gaba ɗaya, a samu minti 30 zuwa 40. Ana iya ƙara lokacin da bututun roba da ke haɗa jinin sabon jiki da kai kafin a gama ɗinki.

An taɓa yin wannan sashe a dabba. Vladimir Demikhov ya ɗora kan ɗan kwikwiyo a wuyan babban kare a 1954. Robert White ya musanya wa biri jiki a Cleveland ta Amurka a 1970. Birin ya farka, yana gani, yana ji, har yana kai cizo, amma daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi, kuma bai kai kwana goma ba. White ko gwada haɗa laka, wato igiyar jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin baya, bai yi ba.

Dakta Jijiya:
Inda Likita ya tsaya nan ne maganar take. Laka kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, amma zaruruwan da ke cikinta miliyoyi ne. Hanyar da ke kai umarnin motsi kaɗai tana da zare kusan miliyan ɗaya a kowane ɓangare, ko wanne da inda ya nufa. In aka yanke zare, guntun da ya rabu da uwar ƙwayarsa ruɓewa yake yi cikin 'yan kwanaki. Jijiyar hannu ko ƙafa tana sake tsirowa, kimanin milimita ɗaya a rana. Laka ba ta yi: tabo ne ke cike gurbin, kuma a cikin tabon da kuma rigar zaruruwan akwai sinadaran da ke hana tsiro, irin su Nogo.

Amsar Canavero ita ce a yanka da wuƙa mai tsananin kaifi, a zuba wani sinadari da ake kira PEG, wanda ke sa bakin zare biyu su manne. A kwanon gwaji PEG yana manna tantanin ƙwayoyi, wannan gaskiya ne. Amma lakar mutum biyu ba ta zo daidai baki da baki ba, kuma PEG bai san wane zare ne na babban yatsa, wane ne na mafitsara ba. Gwaje-gwajen ɓera da kare da suka wallafa dabbobi kaɗan ne, kuma a cikinsu lakar kowace dabba aka yanke aka mayar da ita mazauninta, ba lakar dabba biyu aka haɗa ba. Hujja mafi sauƙi ita ce wannan: da dabarar tana aiki, da an fara da masu shanyewar jiki da ke kwance yanzu. Ba a tayar da ko mutum ɗaya da ita ba.

Motsi ma ba shi kaɗai ake rasawa ba. Jijiyar da ke sa tantanin numfashi (tsokar da ke ƙarƙashin huhu) aiki tana fitowa daga matakin wuya na 3 zuwa na 5, don haka tushenta na tare da kai, sai an ɗinke ta da ta sabon jiki. Tazarar kusan santimita 30 ce, ke nan wajen wata goma a kan na'urar numfashi, in ma ta tsiro. Umarnin matse jijiyoyin jini ta laka yake sauka, shi ya sa hawan jini zai faɗi warwas da farko, daga baya kuma cikar mafitsara kawai ta iya harba shi sama har jini ya tsinke a ƙwaƙwalwa. Ga rashin gumi da daidaita zafin jiki. Ga ciwon nan mai kama da ƙunar wuta da masu raunin laka ke ji a sassan da ba sa jin taɓawa, wanda magani bai cika kashe shi ba.

Hajiya Garkuwa:
Dakta ya gama da laka. A ɓangaren garkuwar jiki kuma abin a juye yake. Ɓargo da saifa na gangar jiki ne, saboda haka jikin ne zai ɗauki kai a matsayin baƙo. Fata ce ta fi tsokano garkuwa, sai a riƙa shan magungunan danne garkuwa, irin su takrolimus da maikofenolet da firednisolon, har ƙarshen rai, su kuma suna jawo ciwon ƙoda, ciwon sukari, kamuwa da cututtuka da daji. Wanda aka dasa wa hannu a Lyon ta Faransa a 1998 ya kasa sabawa da shi, ya daina shan magani, aka cire hannun a 2001. Ƙoda in ta ƙi, akwai wankin ƙoda. Jiki in ya ƙi kai, ba abin da za a cire.

Sadauki:
Na gode ƙwarai. To in mutum da hankalinsa ya ce ya yarda, ko mutuwa ce, wa zai hana shi?

Hajiya Garkuwa:
Yardarsa ba ta wanke likita, Malam. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 sun dogara ne a kan cewa ba a gwaji a jikin mutum sai akwai dalili mai ƙarfi na sa ran amfani ya rinjayi haɗari, kuma Nuremberg ta ce a fara da dabba. Babu dabbar da aka musanya wa jiki ta tashi ta taka. Valery Spiridonov, ɗan Rasha mai ciwon shanyewar tsoka da ya miƙa kansa a 2015, daga baya ya janye. Duk da ciwonsa, yana ji a jikinsa, yana numfashi da kansa. Aikin zai iya ƙwace masa waɗannan biyun.

Sannan a yi lissafi. Jikin da ake bukata na wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ne, zuciya na bugawa, sauran gaɓoɓi lafiya. Irin wannan jiki yana ba da zuciya, huhu biyu, hanta, ƙoda biyu da sauransu, har ya ceci mutum takwas. A ba mutum ɗaya shi duka a kan gwajin da ba a taɓa cin nasararsa ba, a bar takwas a layin jira.

Likitan Ƙashi:
Akwai wanda ba ki taɓo ba, Hajiya. Ƙwayoyin haihuwa na gangar jiki ne. In mutumin ya haihu, ɗan jinin mamacin ne, da kamanninsa da cututtukan gadon danginsa. Zanen yatsu ma na mamacin ne, alhali an riga an rubuta masa takardar mutuwa. Dangin da za su sa hannu a kan bayar da jikin, sai an gaya musu ƙarara cewa jikan nasu zai iya fitowa daga gidan wani.