Wai gubar halittun teku tana iya biyo kifi ta shigo cikinmu?

Ɗan Agege: Salam jama'a. Jiya naje kasuwar kifi ta Epe siyan ƙaguwa, wani masunci yake cemin wasu halittun teku marasa ƙashi guba ce makaminsu don kar a cinye su, abin ya tsaya min a rai wallahi, to in kifi ya ci su fa?

Malam na Idi Araba: Gaskiya ya faɗa maka ɗan'uwa. Soson teku baya motsi, baya iya gudu, sai ya tara sinadarai masu guba. Akwai wani dodon koɗi mara ɓawo da ake kira nudibranch, shi soson yake ci kuma ya ajiye gubar a fatarsa, kifi na ganin kalarsa mai haske sai ya kauce.

Maman Hanifa: Malam to dafawa bata kashe ta?

Malam na Idi Araba: A'a Hajiya, wasu kam zafi baya taɓa su. Kifin nan mai kumbura kamar balan-balan yana ɗauke da wata guba da ake kira tetrodotoxin, ƙwayoyin bakteriya ke haɗa ta, yana tara ta daga abin da yake ci, musamman a hanta da ƙwai. Kar ki siye shi ko da araha.