Musayar waƙa: Kuɗin asibiti, na magani ne ko na masu biro?

Baban Ummi: Jiya na wuni a asibitin gwamnati da yarinya. Ga abin da ke cina, mai amsa ya amsa.

Tun asuba na kama layi,
Ummi a kafaɗa tana rawar sanyi,
Tebur huɗu, kowanne da kofin shayi,
Ɗaya ke rubutu, uku ba aikin yi.

Ɗakin magani kuwa ba ko ƙwaya,
"Je kemis ka saya," in ji ma'aikaciya,
Shin kuɗin da aka ware wa lafiya,
Albashin akawu ne ya lashe gaba ɗaya?

'Yar Kati: Allah ya ba ta lafiya, Baban Ummi. Amma fa ka taka min yatsa.

Kafin likita ya ɗauki abin awo,
Ni ke shiga ƙura in tono fayil in kawo,
Ɓera ya ci gefe, rufi na yoyo,
In liƙe da salatif, in ɗinke, in gyaro.

Dubu 70 aka yanka a 2024, mafi ƙarancin albashi,
Buhun shinkafa a shekarar ya haura shi,
Da mu muke cin kuɗin nan, Malam,
Da mai kanti bai bi ni bashi.

Tsohon Akanta: Ku tsaya, yara. Shekara 30 na yi ina haɗa baucan albashi.

Na ga wanda muka kai makwanci bara,
Sunansa a takarda bai ko girgiza ba,
Wata ya yi, kuɗinsa ya fita sarai,
Wa ya karɓa? Ban ce na gani ba.

A 2007 aka kawo IPPIS, tsarin biyan albashin tarayya,
Wai kwamfuta ta tsince 'yan bogi daga tushe,
Ta tsince wasu, ban musa ba,
Sai dai mai hannu a rumbu ba ya rasa ƙofa koyaushe.

Nas Mai Dare: Baba Akanta ya faɗi rabi. Ga saura.

A tsarin albashi, likita na kan CONMESS, mu muna CONHESS,
Ni da mai kati da mai gwajin jini duk jirgi ɗaya,
A 2018 JOHESU, haɗakar ƙungiyoyinmu, ta ajiye aiki,
Wajen mako shida gadaje suka zama wayam gaba ɗaya.

A Abuja, 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawari,
Kashi 15 na kasafi a bai wa lafiya,
Gwamnatin tarayya na yawo a wajen kashi 5,
Tuwon ne ƙarami, shi ya sa ake faɗa a kan miya.

Baban Ummi:

Na ji, Hajiya, na janye rabin zance,
Amma ukun nan masu shayi fa, me za a ce?

'Yar Kati: Ban san asibitin da ka je ba. A namu dai:

Ɗaya ɗalibi ne, ya zo koyon aiki, ko sisi,
Ɗaya ɗan wucin gadi, wata biyar yana jiran alawus,
Na ukun ɗan wani ne, takarda aka aiko da shi,
Ko ni ban isa in ce ya miƙo min fayil ba.

Baitin ƙarshe ya ƙi zama, haushi ne ya karya shi. In za ka mayar da Ummi ranar Litinin, riƙe ƙaramin katin nan mai lamba, kar a sake buɗe mata sabon fayil.